A nuna mana tocilar gida kafin a zarge mu da rashin kishi

Tun da majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da manufar fifita kayan Najeriya a watan Mayun 2025, tsohon zargin nan ya sake dawowa: wai ɗan Najeriya ba shi da kishin ƙasa, kullum idonsa na kan kayan waje. Maganar nan tana ƙona mini rai, kuma tocila kaɗai ta isa ta rushe ta.

A Legas tocila kayan aiki ce. Maigadin da ke kwana a bakin get a Lekki, da mai shayi a Agege, da mai sauke buhunan albasa da asubar fari a Mile 12, duk da ita suke neman abinci. To, a kai maigadin nan kasuwar Alaba ko ta Idumota da kuɗinsa a hannu, a ce ya sayi ta gida. A kwali ɗaya zai ga tutar Japan ko Jamus ɓaro-ɓaro, sai can ƙasa a lungu harufa uku ƙanana, PRC, wato China. Wani kwalin ko sunan ƙasa babu. In ya tambaya, mai shago ya kunna ta ya haska masa tafin hannu, ya ce, "Malam, wannan orijina ce, ba ta da matsala." Bayanin ke nan. Mutumin da aka ɓoye wa asalin kaya, da wane bakin za a ce ya ƙi na ƙasarsa?

Abin da ya fi damuna ma yana gaba. Da zarar tambarin "ƙirar Najeriya" ya zama hanyar samun kwangilar gwamnati, 'yan kasuwa za su shigo da ƙwan tocila da batir da gangar roba a kwantena ta tashar jirgin ruwa ta Apapa, a harhaɗa su a wani sito, a manna takarda mai kore da fari, a ƙara kuɗi. Harhaɗawa sana'a ce, yara suna samun aiki, ban raina ta ba. Amma a rubuta gaskiya: an harhaɗa a nan, kayan ciki daga can. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta haramta bayanin yaudara a jikin kaya, hukumar kula da ingancin kaya ta SON kuma tana da tsarin tantance na waje da na gida. Doka na nan, masu zagaya kasuwa su buɗe kwali ne ba ma gani.

Masu cewa a hana shigo da tocila kawai, ba su taɓa kwana a duhu suna gadin gidan wani ba. Masu cewa sabuwar manufa za ta gyara komai kuwa, su tuna Osinbajo, lokacin yana muƙaddashin shugaban ƙasa, ya sa hannu a kan umarni makamancin wannan tun 2017. Kamfanin batir na Berec da iyayenmu suka sani ya daɗe da rufewa, kuma ba rashin kishin masu saye ne ya kashe shi ba. A watan Afrilun 2024 aka mai da kuɗin wutar rukunin A, wato waɗanda aka yi wa alƙawarin wuta aƙalla awa 20 a rana, naira 225 kowane yunit. Wa zai narka roba da wannan wuta, ko da dizal, ya sayar da tocila a farashin da mai shayi zai iya?

A tilasta rubuta ƙasar asali da manyan baƙaƙe, a ƙwace duk kwalin da ya yi ƙarya tun daga tashar jirgin ruwa, a sassauta wa masu ƙera ƙananan kayan lantarki kuɗin wuta. Kafin nan, ministoci su daina ɗora wa talaka laifin masana'antun da gwamnatoci suka zuba wa ido har suka mutu.