Mai jinya ma wa ke duba shi?

Maƙwabciyata a nan Ingila dattijuwa ce, Baturiya, ta haura shekara 70. Ɗanta na fama da sikizofireniya, ciwon taɓin hankalin nan da ke sa mutum jin muryoyin da babu su, ya riƙa zargin ana bibiyarsa. Rannan na shiga gaishe ta na tarar da wata ma'aikaciyar ƙaramar hukuma zaune da takarda a cinya. Na ɗauka wajen ɗan ta zo, ashe uwar ta zo dubawa. Awa nawa take barci? Yaushe rabon ta fita ita kaɗai? In ciwo ya kwantar da ita gobe, wa zai riƙe yaron? Tsohuwa ta fashe da kuka. Ni kuwa na fito jiki a sanyaye, don yayata ce ta faɗo mini a rai, ita da ke jinyar ƙanenmu mai irin wannan ciwon can gida.

Ziyarar nan ba alfarma ba ce. Wata doka ta 2014 ta wajabta wa ƙananan hukumomin Ingila su duba halin da mai jinya ke ciki, shi kansa. Wanda ke jinya aƙalla awa 35 a mako yana iya neman alawus in ya cika sharuɗɗa. Majinyacin da ke ƙin ƙwaya, akwai allurar da ke aiki na makonni, nas ce ke bibiyar ranarta. Mai shan clozapine, ɗaya daga cikin magungunan ciwon, ana ɗibar jininsa a kai a kai, saboda maganin kan rage fararen ƙwayoyin jini. Har taro masu jinya ke yi a wani ɗaki na laburare, kujeru a zagaye, kowa ya amayar da abin da ke cinsa, ba mai cewa ya tona asirin gida.

Ba na cewa nan aljanna ce. Alawus ɗin bai taka kara ya karya ba, gadajen asibiti sun yi kaɗan, kuma tsohuwar nan sai ta yi mako ba wanda ya ƙwanƙwasa mata ƙofa. Mu a Najeriya ba mu san wannan kaɗaicin ba. Tun 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara zaunar da majinyata a ƙauyukan Aro, kusa da Abeokuta, kowa da ɗan'uwansa a gefe. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara a ƙarshen shekarun 1960 ma ya nuna majinyatan Ibadan sun fi na Landan samun sauƙi, kodayake har yau masana na jayayya a kai.

To amma dangin da muke tinƙaho da su, su wane ne? Ranar da ciwo ya tashi gida kan cika, kowa da shawararsa. Kafin wata ya zagayo an watse an bar mace ɗaya. Ita ke ɓoye wuƙaƙe, ita ke lallashi a sha magani, ita ke kasa kunne cikin dare, 'yarta ce manema ke gudu wai abin gado ne. Ta yi ƙorafi a ce: "Sai haƙuri, ladanki na wajen Allah." Lada gaskiya ne, amma hawan jinin ma gaskiya ne. Tun shekarun 1960 binciken masanin zamantakewa George Brown a Landan ya nuna gidan da faɗa da kushe suka yi yawa, ciwon ya fi saurin dawowa. Wa ke faɗa in ba wanda ya gaji ba? Ga shi likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, mutane kuwa sun haura miliyan 200. Sai a 2023 aka sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958.

Kada wani ya ce Turai ta sauya ni. Mu na waje ne ma muka fi ban haushi. Mu tura kuɗi, mu kira a WhatsApp muna ba da umarni, a yi kaza, kar a kai shi wuri kaza, mu kashe waya mu yi barcinmu. In na tambayi Yaya ya jikinta, sai ta ce: "Lafiya lau, ke dai ki kula da sanyi." Na san ba lafiya lau ba ne, ita ma ta san na sani, kuma hutuna na bana ya riga ya ƙare.