Ƙananan hukumomin Sakkwato su daina aron tambari

Ka duba saman takardar shaidar asali ko rasidin harajin kasuwa da ƙaramar hukuma ke bayarwa. Galibi dawakai biyu da mikiya za ka gani, wato tambarin Gwamnatin Tarayya, sai sunan hukumar a ƙasa. Kayan aro ne, kuma duk mai kwamfuta yana iya sauke shi daga intanet ya buga takardar bogi. Ƙananan hukumomi 23 ne a Jihar Sakkwato. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke a Yulin 2024 cewa kuɗinsu su riƙa zuwa musu kai tsaye, ya kamata kowacce ta mallaki tambari da tutar da talaka zai shaida ta da su.

Ba mu ne za a koya wa darajar tuta ba. Lokacin jihadin 1804, Shehu Usmanu ya ba Modibbo Adama da Buba Yero da Yakubun Bauchi tutoci, kowacce kuwa shaidar izini ce ga wanda ya riƙe ta. Aikin da tambari ke yi a kan takarda ke nan.

Abin zanawa bai yi ƙaranci ba. Goronyo na da madatsar ruwa, Wurno na da shinkafa da tarihin ribaɗin (sansanin tsaro) Muhammadu Bello, Illela na da kasuwar iyaka, Wamakko na da simintin Kalambaina, Gudu na da hijirar Shehu. Inda ake tuntuɓe shi ne kwaɗayin cusa komai. Kwamiti ya zauna, wannan ya ce a sa raƙumi, wancan ya ce albasa, wani ya ƙara littafi da takobi da fartanya. A allon bakin sakatariya abin zai yi kyau, amma da an mayar da shi hatimi mai faɗin santimita 4, tawada ta haɗe komai ya koma baƙin dunƙule. Alama ɗaya ta isa, in ta yi yawa biyu, launi kuma kada ya wuce uku. Kafin a amince, a yi hotokofinsa baƙi da fari, a rage shi zuwa girman hatimi, sannan a rataye tutar a duba ta daga mita 50. Zanen da ya faɗi gwaji ɗaya a sake shi.

Maganar rubutu ta fi nauyi. Rubutun da aka buga a tuta yana fitowa a juye ta bayanta, iska kuma ba ta bari a karanta shi, don haka taken hukuma ya tsaya a tambari. Ayar Alƙur'ani ko sunan Allah kuwa kada su shiga ko ɗaya. Rasidi na ƙarewa a ƙasa ko a hannun mai ƙosai, tuta na yagewa ta faɗo, alhakin na kan wanda ya zana. Launin jam'iyya da hoton ciyaman su ma a bar su a waje, in ba haka ba sabon shugaba zai soke komai a sake kashe kuɗi.

Tutar ta bi awon ta ƙasa, tsawo ninki biyu na faɗi, misali santimita 90 da 180, kuma kada sandarta ta fi ta Najeriya tsayi. Zafin ranar Afrilu na saurin cinye launin ja, ƙurar hunturu na mayar da fari ruwan ƙasa. Yadin foliyesta ya fi auduga jurewa, kuma tela ya ninka bakin da iska ke kaɗawa ya bi shi da ɗinki huɗu, domin daga nan yagewa ke farawa. A sa kuɗin tuta biyu ko uku a kasafin kowace shekara.

Duk wannan ba zai ɗore ba sai majalisar kansiloli ta zartar da shi a matsayin doka, bayan an ji ta bakin hakimai da malamai. Dokar ta bayyana siffar zanen da kalmomi, ta faɗi lambar kowane launi yadda maɗaba'a ba za ta sauya kore ba, ta ambaci wanda ke riƙe da hatimi da hukuncin wanda ya kwaikwaye shi. Asalin zanen a ajiye kwafi ɗaya wurin sakataren hukuma, ɗaya a ma'aikatar ƙananan hukumomi ta jiha.