Ranar da firinta ta tona mini asiri a bakin kasuwar Dole

Yaran nan da nake koya wa Linux ranar Asabar ne suka ja mini. Wai karatun man, wato littafin bayanin umarnin Linux, a baƙin allo yana sa musu ciwon ido, ga wuta ba ta zama, sai na ce wannan ai ba komai ba ne, zan buga musu shafin bayanin bash, manhajar da ake rubuta wa umarni, a takarda kowa ya riƙe nashi. Wannan ɗan siririn mai tabarau ya ce Mushe a kwafa a zuba cikin Word mana. Na dube shi sama da ƙasa na ce Word na masu rubuta takardar neman aiki ne, mu da troff muke aiki, manhajar tsara rubutu don bugawa, wanda Joe Ossanna ya rubuta a Bell Labs tun 1973, James Clark kuma ya fito da irinsa na kyauta, groff, a 1990. Har shekarun sai da na faɗa don su san da wa suke magana.

A gida komai lafiya lau. zcat ya buɗe bash.1.gz, na tura wa groff -man -Tps, na ƙara -P-pa4 saboda takardar Amurka ta fi A4 ɗinmu faɗi kaɗan kuma ta fi ta gajarta. bash.ps ya fito tsaf a PostScript, yaren da wasu firintoci ke ji, kanun da baƙin rubutu mai kauri, lambar shafi a ƙasa, abin gwanin sha'awa. Layi ɗaya ya rage, ps2pdf mai mayar da shi PDF, na ce PDF ɗin na mene ne kuma.

To mutuminku mai jar hula, wanda kullum shi ne kusa da butar shayi a fada amma bai taɓa sayen sukari ba, shi ne ya ce mini in sa -o raw a umarnin bugawa wai ya fi sauri. Ku riƙe wannan, don yanzu ƙaryatawa yake.

Muka hau kabu-kabu da yaran zuwa shagon fotokofi na wajen kasuwar Dole a nan Damagaram, kun san shi. Mai shagon ya ce maigida kawo kle, wato filas, in buga maka, na ce a'a ba ni wayar firintar kawai. Na jona, na gyara zama, na juya allon yadda kowa zai gani, na rubuta lpr -o raw bash.ps, na danna Enter da ɗan yatsa ɗaya kamar mai sa hannu a takardar gado.

Takarda ta farko ta fito. A samanta %!PS-Adobe-3.0, ƙasa da shi %%Creator: groff version, amma layi na biyu bai koma farkon takarda ba, daga inda na farko ya ƙare ya ɗora, na uku ya ƙara matsawa dama, na huɗu ya fice daga takardar gaba ɗaya. Sauran shafin fari fat. Ta biyu haka, ta uku haka. Ashe raw ɗin nan cewa yake CUPS, mai kai wa firinta aiki a Linux, ya cire hannunsa kar ya fassara komai, ita kuma baiwar Allah firintar ba ta jin PostScript, sai ta ɗauki umarnin a matsayin wasiƙa tana bugawa da gaskiyarta. Na ce wa yaran ku kwantar da hankali, wannan shafin gwaji ne. Firinta tana ta zubowa.

Nan ne tsohon nan ya shigo maganar. Tun da muka zo yana zaune a benci da takardun fanshonsa cikin leda yana jiran layi, ba wanda ya tambaye shi komai. Ya miƙe ya tsinci takarda ɗaya a ƙasa, ya sa gilashi, ya ɗaga ta sama wajen hasken ƙofa, ya shiga karantawa da ƙarfi da muryar masu labarai a rediyo: pursan, pursan, paj. Sannan ya juyo ya ce ɗana, wannan wane ofishi za a kai wa? Na ce Baba aikin kwamfuta ne. Ya ce to, shi dai tun zamanin Kountché yake buga tafireta da karbon uku a jere, bai taɓa ɓata takardar gwamnati ko ɗaya ba, in ka ɓata a albashinka za a cire. Mai sayar da ruwan leda ya tsaya, wata hajiya da ta zo hoton katin ɗan ƙasa ita ma ta fasa tafiya.

Na danna Ctrl+C, babu abin da ya faru, aikin ya riga ya shiga layi. Na tuna lprm mai soke bugawa, hannuna na rawa na rubuta lprn, ɗan tabarau ya leƙo ta kafaɗata ya karanta wa jama'a, wai Mushe, kwamfuta ta ce commande introuvable, wato babu wannan umarnin. Ni ban ga abin dariya a nan ba amma hajiya har da riƙe ciki. Mai shagon ya fizge wayar wuta, shiru, muka yi ajiyar zuciya, ya mayar, ta yi ɗan tari ta ci gaba da zuba. Baba ya ce a bar ta ta gama maganarta.

Abin da ya fi ƙona mini rai da tsohon nan shi ne bai yi dariya ba ko sau ɗaya. Tattara takardun ya yi ɗaya bayan ɗaya, ya daidaita gefensu a gwiwarsa, ya ƙirga da yawu a yatsa, ya miƙa wa mai shagon ya ce a lissafa wa injiniya, dala goma goma ne ko? Wa ya sa shi? Kuma ashe a unguwar Birni yake, layinsu ɗaya da kawuna, washegari bayan azahar kawu ya kira ni yana tambaya wai da gaske ne na lalata injin mutane.

Ɗan tabarau ne dai ya karɓi kwamfutar ya yi ps2pdf ya zuba a kle, aka buga ta Windows ɗin shagon, ya fito daidai, ban kalli fuskarsa ba. Da suka ga kaurin takardun kuma cewa suka yi ya yi yawa, gara allon.

Mai shagon yana bina sauran jika ɗaya. Mai jar hula kuma cewa yake shi draft ya ce ba raw ba, kuma jiya ma bai kawo sukari ba.