A katinta an rubuta wai matar gida ce kawai

Ranar Asabar na je jana'izar wata tsohuwa a wani ƙauye bayan Pitoa, kusa da Garwa a arewacin Kamaru. Ba jini ya haɗa mu ba, ba kuma addininmu ɗaya ba. Ita 'yar Katolika ce, 'yar ƙabilar Mafa daga duwatsun Mokolo, mu kuwa Hausawan Garwa ne. Amma tun ina goye take kawo wa mahaifiyata Hajja gyaɗa, Hajja ta matse mai ta soya ƙuli-ƙuli, da wannan cinikin aka saya mini littafi da takalmin makaranta. Dada muke ce mata da Fulatanci, kamar yadda duk ƙauyen ke kiranta.

Mutuwar ba ta girgiza ni sosai ba, don tsohuwa ta doshi casa'in, ta ga jikoki har da tattaɓa kunne. Abin da ya tsaya mini a rai wata 'yar takarda ce. Babban ɗanta ya zaro katin shaidarta daga cikin gwangwanin madara za a je a yi takardar mutuwa, ya miƙo mini in duba masa, don idonsa ya yi rauni. A gurbin sana'a an rubuta ménagère. Matar gida ke nan, wadda aikinta girki da shara. Matar da ta haura shekara saba'in da fartanya a kafaɗa!

Ba ta san shekarar haihuwarta ba, da abin da ya faru a duniya take lissafi. Takan ce tana yarinya mai ɗaukar tulu aka fara ganin Fada-fada Turawa suna hawa duwatsu. Su kuwa Fada-fadan ƙungiyar Oblat ta Katolika a 1946 suka iso arewacin Kamaru, Yves Plumey na jagorantarsu, shi ne daga baya ya zama bishop na farko a Garwa. Lokacin da aka karɓi 'yancin kai a 1960, Ahidjo ya hau, ta ce goyonta na biyu ke bayanta. Ku lissafa da kanku.

Wanda bai taɓa ganin noman dutsen Mandara ba ba zai gane ba. Gona ce hawa-hawa kamar matakala, kowane hawa an tokare shi da katangar duwatsu da aka jera da hannu, wani faɗinsa bai fi tabarma ba. Ruwan sama in ya rushe katanga ya kwashe ƙasa, a kwando ake kwaso ta daga ƙasa a mayar. Bana a shuka dawa, baɗi gero, haka suke juyawa. Ta tashi a nan, aka yi mata aure a nan, ita da mijinta suka yi shekaru suna zuwa koyon addini wurin katikis, wato malamin majami'a na ƙauye, kafin a yi musu baftisma rana ɗaya. A nan kuma ta binne 'ya'ya uku, biyu ƙyanda ta ɗauke su cikin mako guda. Ba ta cika faɗin wannan ba. Sau ɗaya na ji ta gaya wa Hajja, suna zaune suna ɓarar gyaɗa, hannunta bai tsaya ba har ta gama labarin.

Bayan farin 1973 dutse ya kasa ciyar da mutanensa, aka yi ta sauko da iyalai zuwa kwarin Binuwai inda daji ke kwance. Da su aka zo. Jauro, wato mai garin, ya nuna musu wani fako mai ƙaya, suka sare, suka tumɓuke kututture, suka zuba taki shekara da shekaru har ƙasa ta yi baƙi. Mijin ya shiga noman auduga, shi ne sunansa ke littafi, shi ke zuwa karɓar kuɗi ranar biya. Ban ce bai yi aiki ba, ya yi. Amma wa ke tsinkar audugar nan tun sanyin asuba? Wa ke da gonar gyaɗa da kuɓewa da yakuwa da ake ci kafin kuɗin auduga su fito? Kuɗin auduga sau ɗaya suke zuwa a shekara, ciki kuwa kullum sai ya tambaya.

Kasuwar Pitoa ran Lahadi take ci, kuma duk mai sayen gyaɗa ya san da sassafe ake samun ta kirki. Hajja ba ta taɓa gaggawa ba, don ta san Dada ba za ta iso ba sai an tashi daga addu'a. Ƙauyensu babu Fada, sai jefi-jefi yake zuwa Misa, katikis ke ja musu addu'a a wata majami'ar ƙasa mai rufin kwano. Sai rana ta take za ka hango ta, buhu a ka, carbinta na Katolika a wuya, wanda ya tsinke aka ɗaure da zaren buhu. Tana saukewa ta ce, "Hajja, kin gaji da jira." Hajja ta ce, "Dada, ai kin yi mana addu'a ko?" Su yi dariya. In ta auna tiya sai ta tula mata kai, ta ƙara da hannu biyu, wai wannan na yara ne. In azumi ne ba ta shan ruwa a gabanmu. Da Kirsimeti kuma zakara mai rai take kawowa, ƙafa a ɗaure, ta ce ku yanka da hannunku. Ba wanda ya koya mata haka, ba taron zaman lafiya ta je ba.

Shekarar 1985 ita ce ba na mantawa. Damunar 1984 ta lalace, hatsi ya yi tashin gwauron zabi, mahaifinmu kuma yana kwance ba lafiya. Wata Lahadi Hajja ta je kasuwa ba ko dala a hannunta, ta je ne kawai ta ba Dada haƙuri kan tsohon bashi. Da la'asar sai ga ɗan Dada a ƙofar gidanmu da rabin buhun dawa a bayan keke. Daga rumbunta aka ɗebo, a shekarar da kowa ke ɓoye nasa. Babu rubutu, babu shaida. Sai bayan damuna biyu aka gama biya. A watan Agustan 1985 ɗin ne Fafaroma Jean-Paul na biyu ya zo Garwa, kuma a iya sanina shi ne karo ɗaya da ta bar gona ana tsakiyar aiki. Ta kwana gidanmu. Da ta dawo daga filin taron muka tambaye ta ko ta gan shi, ta ce ta ga wani farin abu can nesa kamar balbela, an ce mata shi ne, ita dai ta gode Allah.

Da mijinta ya rasu, ba a yi damuna biyu ba aka zo aka ce babbar gonar aro ce, masu ita suna so. Gonar da ta tumɓuke kututturenta da hannunta. Babu takarda, ko da akwai ma ba sunanta za a samu a kai ba. Aka bar mata wata 'yar gefen hanya, ta ci gaba da nomanta har ƙafa ta ƙi. Ni a ganina wannan kalmar ta kan kati da wannan ƙwacen uwarsu ɗaya. In hukuma ta rubuta cewa mace ba manomiya ba ce, to ranar rabon taki ba a kiranta, ranar bashin noma ba a kiranta, ranar shari'ar gona ma ɗanta ake nema. Mu kuma mutanen gari muna ci daga hannunta muna cewa manoma sun yi ƙoƙari bana, a zuciyarmu namiji muke gani da garma.

Kada mu ce matsalar mutanen ƙauye ce. Da na dawo gida na ce wa Hajja ta ba ni katinta in gani. Matar da ta yi shekara arba'in gaban kaskon suya, ta aurar da 'ya'ya mata huɗu da kuɗin mai da ƙuli, ita ma ménagère aka rubuta mata.

Akwai wanda ya tare ni a masallaci yana tambayar me ya kai ni jana'izar Kirista. Na ce masa dawa ce ta kai ni, rabin buhu. Bai gane ba, ni ma ban tsaya bayani ba.

Hajja ba ta iya zuwa ba saboda gwiwa, sai ta ba ni turmin atamfa da sabulu in kai wa 'ya'yan. Da zan taho, autar Dada ta biyo ni har bakin mota da wani ƙulli a tsumma. Ta ce irin gyaɗa ne da tsohuwa ta ware tun kaka, ta ce a raba, a kai wa Hajja nata. Na kawo na ajiye mata a gaba. Ta kwance, ta ɗebi kaɗan a tafin hannu tana jujjuyawa, ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta ce in nemo mata yaro ya share bayan gida kafin ruwa ya sauka.