Akwatunan da ke faɗo mana a shafukan intanet sun koya wa yatsunmu cewa "eh" ba tare da karatu ba

Ka buɗe shafi a waya don labari ɗaya, kafin ka kai layi na biyu wani akwati ya rufe allon, wai ka yarda a riƙa aiko maka da sanarwa. Ka kore shi, wani ya faɗo yana neman adireshin imel ɗinka. Na uku talla ne, alamar rufe shi ƙarama kamar ƙwayar gero can a kusurwa. Yatsa ya kuskure ta, sai ga ka a shafin caca, data kuwa tana ta zuba.

Wanda ya fara ƙirƙiro irin wannan tallan mai faɗowa, Ethan Zuckerman, ya yi shi ne a kamfanin Tripod na Amurka a ƙarshen shekarun 1990, don a raba tallan kamfanoni da abin da ke cikin shafukan jama'a. A 2014 ya fito fili ya nemi afuwa. Google ma tun watan Janairun 2017 ya fara rage darajar shafukan waya da ke toshe wa mai karatu hanya da irin waɗannan akwatuna a sakamakon bincikensa. Duk da haka abin bai ragu a idona ba, kama kawai yake sauyawa.

Ɓata lokaci da cin data ba su ne suka fi damuna ba. Kwanakin baya na tsaya wajen wata mai sayar da atamfa tana tura wa dillalinta kuɗi. Manhajar banki ta fito mata da sunan wanda zai karɓa da adadin kuɗin, tana tambaya ko a tura. Kafin idonta ya sauka kan sunan, babban yatsanta ya riga ya danna. Allah ya taimaka, lambar daidai ce. Amma wannan akwatin shi ne wanda aka yi don ya kare ta, kuma shi ma ta kore shi kamar ƙuda, saboda an shafe shekaru ana koya mata cewa duk abin da ya faɗo, dannawa ake a wuce.

Na san masu shafuka suna da albashin da za su biya, kuma talla ne abincinsu. Ba wanda ya hana su. Su ajiye tallan a gefe ko a ƙasa, su bar neman imel sai mutum ya gama karatu ya ga ko kayan sun yi masa. Tare hanya kuwa a bar shi ga lokacin da mai amfani da shafin zai yi asara: zai goge wani abu, zai biya kuɗi, zai fita bai adana abin da ya rubuta ba.

Sai batun akwatin neman izinin tattara bayanai. A farkon 2022 hukumar kare bayanai ta Faransa ta sanar da cin tarar Google yuro miliyan 150, Facebook miliyan 60, don kawai sun sa "na yarda" dannawa ɗaya ce, "ban yarda ba" kuwa sai an yi ta kewaye. Mu ma a Najeriya muna da dokar kare bayanai tun 2023, da hukumar da ke kula da ita. Ina roƙon hukumar ta fara duba shafukanmu na gida, ta tilasta a sa maɓallan nan biyu kusa da juna, girmansu ɗaya, kuma cikin harshen da mai wayar yake ji.