Ba kimiyya ce ke kayar da yaranmu ba, Turanci ne ke sa musu ƙafa

Jiya ƙanena da ke aji ɗaya a jami'a ya turo min takardar gwajinsa ta fiziks. Ya ci 9 cikin 30, wai shi dai ya gano ba shi da kan kimiyya. Na bi amsoshinsa sau biyu. Lissafinsa lafiya lau. Kalma ɗaya ce ta kayar da shi, "negligible". Malam na nufin a yi watsi da turjiyar iska, shi kuwa ya ɗauka cewa aka yi ya nemo ta, ya ɓata rabin lokacinsa yana farautar abin da aka ce ya ƙyale.

Mutane na ɗauka manyan kalmomi ne matsalarmu. Wallahi ba su ba ne. "Photosynthesis" daga Girkanci take, ɗan Landan ma sai an warware masa, mu kuwa da muka taso da allo ba a fin mu hadda. Ƙananan su ne mugaye, waɗanda kake ganin ka sani tun firamare. Ina tuna ranar da aka ce mana wanda ya ɗauki buhun masara a ka, ya miƙe hanya ba hawa ba gangara, bai yi "work" a kan buhun ba. Aji ya fashe da dariya, wani daga baya ya ce a je Dawanau a faɗa wa 'yan dako haka. "Solution" a lissafi amsa ce, a kemistiri ruwan da gishiri ya narke a ciki. Kai kana kokawa da kalmar, malam ya goge allo ya wuce. Ka ɗaga hannu? A gaban mutum ɗari biyar, da Turancin da ka san za a yi wa dariya?

Inda muka fahimci karatu da gaske shi ne barandar masallaci bayan isha'i. Wani ɗan aji uku zai zauna ya yi bayani da Hausa, yana jefa sunayen Turancin yadda suke. Abin da ya gagare mu mako guda, sai ya shiga kafin shayi ya huce.

A 1977 tsarin ilimin Najeriya ya ce a fara firamare da harshen uwa. Farfesa Babs Fafunwa ya gwada shekara shida da Yarbanci a Ife daga 1970, yaran kuma suka yi kyau har a Turancin. A 2022 gwamnati ta ce a yi shekara shida na firamare da harshen uwa, a 2025 ta soke. A ajin ƙauye kuwa duk ɗaya ne: malam ya karanta, yara su amsa, ba Hausar ba Turancin.

Ni ban ce a koma digiri da Hausa ba. Littattafan babu, kuma a aji akwai Tibi da Ibo da Bayarabe. A bar lacca da jarrabawa yadda suke. Amma wannan zaman barandar, me zai hana sashe ya ɗauke shi, ya ba shi ɗaki da lokaci? Kwas ɗin Turancin aji ɗaya kuma, maimakon rubutun wasiƙa, a koya wa ɗan kimiyya bambancin "deduce" da "state".

Ƙanen nawa dai na ce ya tattaro tsofaffin takardun tambayoyi ya zo gida ranar Asabar, da jan biro.