Ƙanzona da aka zuba a shara

Ranar Lahadin da ta wuce na tuƙa tuwon shinkafa a gidan da nake haya a gabashin Landan. Mu huɗu ne a gidan, kowa da ɗakinsa, kicin ɗaya. Da na kwashe sai na ga gindin tukunyar ya yi ja, ya kama daidai yadda nake so, bai kai ga ƙonewa ba. Na rufe ta na tura gefe, da niyyar idan na dawo daga aikin dare in ɓanɓare in shanya kusa da hita. Har ƙuli-ƙulin da aka aiko min daga Kano na fito da shi.

Da safe na tarar da tukunyata a kife, tana ƙyalli. Gefenta ga 'yar takarda. Baturiyar da ke ɗakin sama ce ta rubuta, wai ta ga abincina ya kama ta taimaka min ta wanke, nan gaba in riƙa zuba bekin soda da ruwan khal. Har da zanen fuska mai murmushi a ƙasa. Wallahi da zagina ta yi da sai ya fi min sauƙi.

Sai kun ga yadda mutanen nan ke tsoron abin da ya kama. Ƙarƙashin wurin wanke-wankenmu akwai ɗan kabad cike da kwalabe: na murhu daban, na oba (akwatin gasa abinci) daban, na farin dattin da ruwan Landan ke bari a cikin butar shayi daban. Na obar nan sai an sa safar roba an buɗe taga, don sodar da ake haɗa sabulu da ita ce a ciki, tana cin fata. Murhun kansa gilashi ne, idan miya ta zuba ta bushe akwai 'yar reza ta musamman da ake kankarewa a hankali. Kaskonsu mai baƙin shafe ko cokalin ƙarfe ba ya so, balle soson ƙarfe. Akwai ma oba mai wanke kanta, ta kulle ƙofa ta yi zafi har kusan digiri 500, dattin ya koma toka. Kuma ba banza ba: kuɗin ajiyar da mai gida ke karɓa a Ingila yakan kai hayar mako 5, ranar tashi a zo a leƙa cikin oba ana ɗaukar hoto, a yanke maka.

Abin dariyar shi ne haɗin da ta ba ni. Idan aka gauraya bekin soda da khal kashe juna suke yi, kumfar nan da ke tashi iska ce kawai, burge ido. Abin da ke aiki shi ne jiƙawa, ko a tafasa ruwa da bekin sodar ita kaɗai. To wannan ai tokar murhunmu ce aka sa wa kwali da farashi. Su kuma tokar da obarsu ta yi, gogewa suke su zubar. Rashin sani, kaza ta kwana kan dami.

Ba na cewa ba su da tsabta, suna da ita. Yarinyar nan ma alheri ta yi niyya, kuma a gidan da ɓera ke leƙowa ba a son kwanan abinci a waje. Na yarda. Amma ta ɗaga murfin tukunyar da ba tata ba, ta duba, idonta bai ga komai ba sai datti. Ko tambaya babu. A gidanmu wa zai taɓa tukunyar wata da ƙanzo a ciki bai yi magana ba? Nan kuwa takarda ake ajiyewa, kowa yana gudun haɗa ido da kowa. Shekarata biyu a gidan, ban taɓa cin loma ɗaya da ɗayansu ba.

Ban ce mata komai ba. Na ce na gode, na shige ɗaki na kira Inna.

Dariya ta yi har da tari. Ta ce, "Ke ce yau kike kukan ƙanzo? Ke da idan an ce wanke tukunya sai ciwon ciki ya tashi?" Gaskiyarta. Ƙanwata ce ke durƙusawa bakin rariya da toka da soso, ita ke cinye na bakin tukunya, ni ina ɗaki wai ina karatu. Yanzu tana Zinder da 'ya'ya uku, rabon da mu yi waya tun Sallah.

Na ce, "Inna, akwai ƙanzo a gida?"

Ta ce akwai rabin buhu a ɗakin ajiya, jikokinta ba sa ci, sai taliyar leda. Idan an samu mai zuwa za ta ƙulla min a leda biyu, kada ya ɗauki warin daddawa.